Yaron da Ba Ya Amsa Kira: Darasi Domin Uba da Uwa

Mai karatu, watakila akwai irin wannan yaro a gidanka, ko a gidan maƙwabcinka. Ya shekara 3, yana tafiya da ƙafafunsa, jikinsa lafiya lau, amma bai taɓa buɗe baki ya ce "Inna" ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, sai ka ce kurma ne. Amma a taɓa murfin tukunya a bayan ɗaki, ya ji. Ba ya nuna maka jaki ko mota da yatsa kamar sauran yara. In yana son ruwa, sai ya kama hannun uwarsa ya ja ta zuwa randa, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Ya kan zauna shi kaɗai yana jera tsakuwa, ko yana kaɗa hannuwansa. In an ta da injin niƙa a unguwa, sai ya toshe kunnuwa yana ihu.

Wani kuma ya fara magana, yana da kalma biyar ko shida, sa'an nan kafin ya cika shekara 2 suka ɓace. Wani yana da baki, amma abin da ka faɗa shi zai maimaita. Ka ce masa, "Kana son hura?" ya ce, "Kana son hura?"

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo za ka ji waɗansu suna cewa galahanga. Wani likitan yara a Amurka, Leo Kanner, shi ya fara bayyana shi sosai a 1943, bayan ya lura da yara 11 masu hali iri ɗaya. Ba ciwon Turawa ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi, an kuma fi ganinsa ga 'ya'ya maza. To, ka lissafta yaran garinku, ka ga ko kai kaɗai ne.

A fara da kunne

Ba kowane yaron da bai yi magana ba ne ke da otizim. Ƙasarmu ƙasar sanƙarau ce, sanƙarau kuwa ya kan kashe kunne. Kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa ya kan rage ji. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da tamowa mai tsanani, su ma su kan jinkirta yaro. Saboda haka ku kai shi a duba shi, a likitar da ke kusa da ku, ko babban asibitin Madawa, ko na Buza, ko na Keita, ko Tawa, ko asibitin Galmi. Ku tafi ku biyu in da hali, gama abin da uwa ta gani daban ne da abin da uba ya gani. In yaron yana faɗuwa yana kakkafewa, ku faɗa wa likita, domin farfaɗiya ta kan haɗu da otizim, ita kuwa tana da magani.

Otizim kansa ba shi da ƙwaya ko allurar da ke kawar da shi. Wanda ya ce ka sayar da akuya ko buhun albasa ka kawo masa kuɗi zai buɗe bakin yaro cikin kwana bakwai, kuɗinka ya ke so.

Laifin wa?

Wannan tambaya ta fi ciwon kansa ɓarna a gidaje. Dangin miji su ce, "Ba a taɓa yin irin wannan a gidanmu ba, daga wajenta ne." Dangin mata su ce sammu ne. Wata tsohuwa ta ce uwar ta je rafi da tsakar rana tana da ciki, aka musanya mata ɗa, ɗan ruwa ne. Wani ya ce akwai zunubin da aka ɓoye. Matar ta yi shiru tana haɗiye magana. Mijin ya fara daɗewa a dandali, ba ya shigowa sai an yi barci. Ba a yi faɗa ba, amma gida ya rabu biyu.

Ku sani, Turawa ma sun yi wannan kuskure. Shekaru da yawa waɗansu masanansu suna cewa uwa ce ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba, shi ya sa ya rufe kansa. Mata da yawa sun sha baƙin ciki a banza saboda wannan magana. A 1977 aka yi bincike a kan tagwaye a Ingila, aka gane cewa abin yana cikin halittar yaro tun daga ciki. Binciken da aka yi ta yi bayan haka ya nuna cewa ƙananan abubuwa ne da yawa su ke haɗuwa, daga wajen uba da wajen uwa duka, ba kuwa wanda ya zaɓe su ko ya iya hana su. Ba nonon uwa ba ne, ba hanyar da ta bi ba ce. Ba kuma allurar rigakafi ba ce. A ƙasar Danmak an bi yara fiye da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka yi wa allurar ƙyanda ba su fi sauran samun otizim ba. Kada ku hana ƙannensa rigakafi.

Mai bi da ya ce zunubin iyaye ne, sai ya koma ya karanta Yahaya sura 9, ya ga amsar da aka ba almajirai sa'ad da suka yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho.

Kai maigida, a nan aikinka ya fi na kowa nauyi. Matarka ba za ta iya tsayawa gaban mahaifiyarka ta kare kanta ba, kunya da ladabi ba za su bar ta ba. Kai ne za ka sami tsohuwa ita kaɗai, ka durƙusa, ka ce, "Inna, mun kai shi likita. An ce haka aka halicce shi, ba laifin uwarsa ba ne. Ɗana ne, jikanki ne. Muna bukatar hannunki." Kakar da aka roƙi taimakonta ta kan zama garkuwar yaro. Wadda aka bari a waje, ita ce mai yawan magana.

Iyaye su ne malamai

Masu ilmin wannan hali kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu kuwa a Yamai su ke. Manomin Adar ba zai iya zuwa can kowane mako ba. Amma ga labari mai ƙarfafa zuciya. A Ingila an ɗauki yara 152 masu otizim, aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka koya wa iyayensu yadda za su yi wasa da su, su lura da alamunsu, su amsa musu, suna gwadawa a gida kamar rabin sa'a kowace rana. An ba da sakamakon farko a 2010, aka sake duba yaran aka ba da labari a 2016. Ba warkewa suka yi ba, amma 'ya'yan iyayen da aka koyar sun fi neman hulɗa da iyayensu, nauyin halin kuma ya fi raguwa a wurinsu, har bayan shekara shida. An gwada irin wannan a Indiya da Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka koyar da iyayen, ya kuma yi amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya irin wannan koyarwa domin iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9. Zama 9 ne a cikin ƙungiya, da ziyara 3 a gida. An gwada ta a Habasha da Kenya, aka fitar da ita ga kowa a 2022. Abin da ke ƙasa ya yi daidai da irin abin da a ke koyarwa a can, an dai ɗinka shi daidai da gidajenmu.

Sauko ƙasa. Yaron da ke goye a baya yana jin ɗumin uwa amma ba ya ganin fuskarta. Wanda a ke yi wa magana daga tsaye, gwiwoyi ya ke gani. Ki shimfiɗa tabarma, ki zauna gabansa, fuskarki daidai da tasa. Kada ki kama haɓarsa ki ce sai ya dube ki, gama duban ido yana yi wa waɗansunsu nauyi ƙwarai.

A nan akwai wata al'ada tamu da ya kamata a taɓa. In yaron ɗan fari ne, uwa tana jin kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Uba ma haka. Al'ada ce mai kyau a wurinta, sauran yara kuwa ba su rasa kome, gama kaka da gwaggo da yaran unguwa suna cike gurbin. Amma wannan yaro ba ya zuwa wurin kowa ya ɗauko magana da kansa. In ku biyu kun ja baya, wa ya rage masa? In kunya ta hana a tsakar gida, ku shiga ɗaki ku saki labule. Haka kuma batun kai shi yaye wani gari: canjin wuri da canjin fuskoki yana rikita irin waɗannan yara fiye da sauran. Ku yi shawara sosai kafin ku yi.

Bi abin da ya ke so. In yana jera tsakuwa, kada ki watsar ki ce wasan banza ne. Ki ɗauki taki tsakuwar ki jera kusa da tasa. In yana buga ƙwarya, ki buga wata. Sa'ad da ya ga wani yana yin abin da ya ke yi, ya kan ɗaga kai ya duba. Wannan ɗaga kai shi ne farkon zance.

Rage magana. Mu kan ce, "Kai wane, zo nan maza ka sha hurarka kafin ƙudaje su sauka, ba ka ji ina kiranka ba?" Ga kunnensa wannan kamar hayaniyar kasuwar Madawa ce. Ki ɗaga ludayi ya gani, ki ce, "Hura." In bai da kalma ko ɗaya, ki yi masa magana da kalma ɗaya ɗaya. In yana da ɗaya ɗaya, ki ba shi biyu: "Sha hura." Kullum ki tsaya taki ɗaya gabansa.

Jira. Wannan ya fi duka wuya. Bayan kin faɗi kalma, ki yi shiru, ki ƙidaya ɗaya zuwa goma a zuciyarki, kina dubansa kamar mai jiran amsa. Yaron yana bukatar lokaci kafin magana ta shiga, ta zauna, amsa ta fito. In kin sake magana da sauri, kin share abin da ya fara haɗawa. Mutanen Keita sun san wannan a gona. Tun da aka fara babban aikin gyaran ƙasa a can a 1984, sun ga yadda ruwan sama ke gudu a kan fako bai bar kome ba, sai an jera duwatsu an haƙa ramuka ya tsaya, sa'an nan ya shiga ƙasa. Maganarki ruwa ce. Ba yawanta a ke nema ba.

Ba shi dalilin roƙo. Uwa mai tausayi ta kan san abin da ɗanta ke so tun bai motsa ba, ta miƙa masa. Ta haka ba ya bukatar ya faɗi kome. Ki riƙe ƙosai a hannu ɗaya, ƙuli-ƙuli a ɗaya, ki faɗi sunan kowane, ki jira. In ya miƙa hannu, ko ya dubi ɗaya, ko ya yi wani ɗan sauti, to, ya yi magana ke nan. Ki ba shi nan da nan, kina faɗin sunan abin. Ki ba shi kaɗan, domin ya sake roƙo. Amma kada ki mai da abin azaba, kada a hana yaro abinci ko ruwa wai sai ya furta. In ya fara fushi, ki kama hannunsa a hankali ki nuna abin da shi, ki faɗi sunan, ki ba shi.

Kai uba, ga naka. Ka ɗaga shi sama ka sauke, sau biyu, sau uku, kana cewa "Sama!" Sa'an nan ka tsaya, hannuwanka a buɗe, ka jira. In ya ɗaga nasa hannuwan, ka ce "Sama!" ka ɗaga shi. Ka ɗora shi a amalanke, ka tsai da jaki, ka jira ya ba ka alama kafin ka ce "Mu je!" Ba a bukatar kuɗi ko kayan wasa na kanti.

Nuna masa abin da ke tafe. Irin wannan yaro yana tsoron abin da bai sani ba, ido kuma ya fi kunne yi masa aiki. Ku ware abu ɗaya domin kowane aiki: soso domin wanka, ludayi domin hura, takalmi domin fita, buta domin bayan gida. Kafin a yi aikin a nuna masa abin, a faɗi kalmar. Kowa a gidan ya yi amfani da abu ɗaya da kalma ɗaya. Wata rana za ku ga ya ɗauko takalmi da kansa ya kawo, yana nufin a fita. Alamar hannu da nuna kaya ba su hana magana fitowa, su kan buɗe mata hanya.

In ya tashi da ihu

Ya faɗi ƙasa, yana buga kai, yana cizon hannunsa. Mutane su ce rashin horo ne, a kawo tsumagiya. Dūka ba ya koya masa kome sai tsoronku. Yaron da ba shi da kalma, ihu ne bakinsa. Ku tambayi kanku: me ya faru kafin ya fara? Yunwa ce? Ƙarar babur ce? An canja masa hanyar da ya saba bi? Rigar tana sukarsa? Haƙori ne ko kunne ke ciwo, bai iya faɗa ba? Sa'an nan me ya samu bayan ihun? In kullum sai ya yi ihu a ke ba shi abin da ya ke so, to, an koya masa ihu. Ku koya masa wata hanyar roƙon wannan abu sa'ad da hankalinsa ke kwance. Lokacin da abin ya riga ya tashi kuwa, a rage mutane, a rage magana, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a bar shi ya huce.

A majami'a ku zauna kusa da ƙofa, nesa da ganga da lasifika. In ya gaji, ɗayanku ya fita da shi, mako mai zuwa ɗayan ya fita. Kada ya zama kullum uwar ce a waje.

Ku kuma lura da haɗari, gama da yawansu ba su san tsoro ba, suna kuma son ruwa. Rijiyoyin lambun albasa, da tafki, da koramar da ke cika farat ɗaya da damina, da babbar hanyar kwalta, da murhu. A sa wa ƙofar gida sakata a sama inda hannunsa bai kai ba. A faɗa wa maƙwabta su riƙe shi in sun gan shi shi kaɗai. Amma ɗaure yaro a turke kamar akuya, ko kulle shi a ɗaki a tafi gona, wannan bai kamata ba ko kaɗan.

Tsakanin miji da mata

Uwar irin wannan yaro ba ta samun barci sosai. Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga sauran yara, ga wanda ba a iya ɗauke ido daga kansa. Mata da yawa sun daina zuwa biki da suna da taron mata saboda kallon da a ke yi musu. Mace in ta gaji haka, bakinta ya kan yi kaifi. Miji in ya rasa abin yi, ya kan yi shiru ya fice. Ita tana ganin bai damu ba, shi yana ganin ba ta da lokacinsa. Sau da yawa su biyun baƙin ciki ɗaya ne ke cinsu.

Ku sa wa kanku lokaci, ko sau biyu a mako, bayan yara sun kwanta. Kowa ya faɗi abu ɗaya mai kyau da ya ga yaron ya yi, da abu ɗaya da ya yi masa wuya. Sa'ad da ɗaya ke magana, ɗayan ya yi irin jiran da kuka koya domin yaron. Maimakon "Kai ba ka taɓa taimakona ba," ki ce, "Maigida, na gaji. Ka riƙe mini shi gobe da yamma in je in gai da Inna." Maimakon "Ke kika lalata shi," ka ce, "Nuna mini yadda ki ke yi har ya ci." Ku yanke shawara ɗaya a kan abin da za a hana shi da abin da za a bar shi, domin in uba ya hana uwa ta bari, yaron ne ke rikicewa. Wani dare kuma ku bar zancen yaron gaba ɗaya, ku yi hirar gona da kasuwa, kamar dā.

Ga batun ci-rani. Bayan girbi mazajen Adar da yawa su kan tafi biɗa, Nijeriya ko Abijan ko Libiya, ba a ganinsu sai gab da shuka. Ba za a ce wa mutum kada ya nemi abin ciyar da iyalinsa ba. Amma kafin ka ɗauki jaka, ka shirya wanda zai riƙa karɓar matarka, ka faɗa masa da bakinka, kaka ko gwaggo ko kawu. In ka kira a salula, kada ka tsaya ga "Kuɗi sun iso?" Ka tambaye ta yadda ta kwana, da abin da yaron ya koya. Ka aiko da ɗan saƙon murya mai kalmomin nan naku, a riƙa sa masa. In ka dawo bai rugo ya tarye ka ba, kada ranka ya ɓaci. Ka zauna a tabarmarsa, ka ɗauki tsakuwa.

Yayyensa da ƙannensa malamai ne masu kyau, ku koya musu kalmomin da jiran. Amma kada a cire yarinya daga lakwal a mai da ita mai reno. Ita ma tana da rabonta.

Ina za a kai?

Ba wanda zai iya yi muku alkawari. Waɗansu yara su kan yi magana sosai daga baya, waɗansu kalmomi kaɗan, waɗansu kuwa da alama za su yi ta zance har girmansu. Akwai wata mace a Amurka, Temple Grandin, an haife ta a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara 3. Uwarta ta ƙi yarda a ajiye ta a gidan marasa lafiya, ta nemo masu koya mata. Ta girma ta zama babbar malamar jami'a a kan dabbobi, ta shirya hanyoyin bi da shanu ba tare da firgita su ba. Ba kowane yaro zai zama kamarta ba. Amma wanda ya iya nuna cewa yana jin ƙishirwa, ko cikinsa na ciwo, ya iya wanka da sa riga, ya iya ba tumaki dusa ko jera kaba domin saƙar tabarma, ya yi nisa ƙwarai daga inda ya fara.

In akwai gida biyu ko uku masu irin wannan yaro a garinku, ko Kirista ko Musulmi, ku riƙa haɗuwa ranar da ba kasuwa, maza da mata, ku karanta sashi ɗaya, ku gwada, ku dawo da labari.

Aikin wannan mako: ku zaɓi kalma uku kaɗai, na abin da yaron ya fi so. Ku faɗa wa dukan mutanen gidan. Uwa ta ɗauki lokacin hura, uba ya ɗauki wasan yamma. Duk sa'ad da yaron ya roƙi abu da hannu, ko da ido, ko da murya, a jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani. Daren Asabar ku zauna ku biyu ku ƙidaya.